Fara, garin rogo da dilo: tarihin ajiyar ɗakin mace a kudancin Nijar

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa raka baƙo Bature cikin kasuwar Dole ta Damagaram, ko kasuwar Katako ta Yamai, a watannin ɗari, ya san inda baƙon zai tsaya ya fiddo abin ɗaukar hoto: gaban matan da ke zaune da manyan kwanoni shaƙe da fara. Tambayarsa kuwa ɗaya ce kullum, wai ko yunwa ce ta kai mutane ga cin wannan abu. Mai sayarwa ba ta da lokacin gardama. Kuɗin tiya kawai za ta faɗa masa, kuma sau da yawa kuɗin nan ya ɗara na tiyar hatsi nesa ba kusa ba. Wanda yunwa ta kama ba ya tsallake hatsi ya sayi abin da ya fi hatsi tsada.

A cikin wannan takarda muna so mu bi diddigin waɗansu abubuwan ci da mutanen jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa ba su yarda su yanke musu a ɗaki, ko da yake ba su ne ginshiƙin cimaka ba, kuma baƙo yakan yi mamakin ganin ana son su. Abin da muke so mu nuna shi ne, iyakar da ke tsakanin abincin yunwa da abin marmari ba ta tsaya wuri ɗaya ba tun daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa yau. Wani abin yunwa ce ta shigo da shi, ya zauna ya zama ɗan gida. Wani tun asali marmari ne, baƙi ne suka laƙaba masa sunan yunwa. Wani kuma har gobe yana tsaye a kan iyakar. Batun yana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin tun da aka kafa tsarin gargaɗi kan ƙarancin cimaka (Système d'alerte précoce) a 1989, abin da mutanen karkara ke ci yana cikin alamomin da ake dubawa kafin a ce wata gunduma tana bukatar agaji. Wanda ya karanta alamar a karkace zai kai hatsi inda ba a bukata, ko ya hana inda yara ke mutuwa.

1. Rumbu na maigida, tukunya ta uwargida

Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da garde-manger na Faransanci. Abin da ke akwai shi ne wuraren ajiya biyu, kowane da mai shi. Akwai rumbu, na kara ko na laka, wanda ke tsaye a fili kowa na gani, ikonsa a hannun maigida. Akwai kuma ajiyar mace: tukwane da ƙoruka da tandu a ƙarƙashin gado, da abin da aka rataye a ragaya, daga baya kuma kwallaye da kwanonin jere da gwangwanayen madara da aka wanke. Claude Raynaut, wanda ya yi bincike a Sumarana kusa da Maraɗi tun ƙarshen shekarun 1960, ya bayyana yadda maigida ke rufe rumbun gandu bayan kaka, ba a buɗe shi sai damana ta faɗi an shiga noma. A tsakanin nan mace ce ke ci da kanta da ƴaƴanta daga abin da ta samu a gamanarta da ƴar sana'arta. Ke nan watanni da dama a shekara gida yana rayuwa ne da ajiyar da ba a gani daga waje.

Mulkin mallaka rumbu kaɗai ya gani. Bayan yunwar 1931, wadda Finn Fuglestad da André Salifou suka yi rubutu a kanta, Faransawa sun tsananta dokar rumbun tsimi (greniers de réserve): kowane gida ya zuba wani kaso na hatsinsa a rumbunan da aka jera wuri ɗaya, ba a buɗewa sai da izinin kumandan. Rahotannin rangadi da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai cike suke da lissafin dammuna da rumbuna da lanho. Talakawa sun ƙi jinin tsarin, domin hatsin yakan lalace ko ya salwanta mai shi yana kallo da yunwa, har ƴan siyasa suka mai da shi abin neman ƙuri'a a shekarun 1950, aka yi watsi da shi a daidai lokacin samun mulkin kai. Kumandan bai taɓa leƙa ƙarƙashin gadon mace ba, al'ada ma ba ta ba shi hanya ba. Ma'aikatar OPVN da aka kafa a 1970 ita ma da tan na hatsi take lissafi. Saboda haka mai neman tarihin tukunya sai ya tsinto shi daga littattafan matafiya, da sunayen da jama'a suka raɗa wa shekarun yunwa, da kuma kasuwa.

2. Fara

A watan Janairu na 1851 Heinrich Barth ya sauko daga Abzin ta Damargu ya yada zango a Tasawa. Cikin abubuwan da ya lura da su akwai manyan ƙoruka cike da gasasshiyar fara ana sayarwa, ya ma rubuta sunanta da Hausa. Ya ce takan zama babban kaso na abincin mutane, musamman in ta cinye musu amfanin gona, ya ƙara da raha cewa cin nata ramuwar gayya ce. Abin lura a wurinmu shi ne inda ya gan ta: a bainar jama'a, tare da sauran kayan ci na sayarwa, a garin da shi kansa ya yaba da walwalar mutanensa. Ba garin da ke cikin yunwa ya kwatanta ba.

Addini bai hana ta ba. Malaman Malikiyya, mazhabar da ake bi a nan, sun halatta ta, sai dai sun sa sharaɗin da sauran mazhabobi ba su sa ba: wadda aka tsinta matacciya ba ta ciwuwa, sai an kashe ta da niyya ta kowace hanyar da za ta mutu, kamar cire kai ko jefawa a ruwan zafi. Abin da mata ke yi tun da can, watau juye ta da rai cikin tafasasshen ruwa, ya cika wannan sharaɗi.

Bahaushe kuma ba ya cewa fara kawai ya yi shiru. Ya san farar dango, mai tafiya ayari ta rufe rana. Ya san babe. Ya san farar tumfafiya mai ado, wadda ba a ci domin ta kwashi dafin itacen da take kiwo a kai. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, domin mafi yawan farar da ke kasuwa ba ta dango ba ce. Farar gida ce, irin su Ornithacris da Kraussaria a bakin masana, wadda ke ƙyanƙyashewa kowace damana a gonaki da saura, ko an yi annoba ko ba a yi ba. Tana da kakarta kamar yadda wake ke da tasa. Daga Oktoba zuwa Disamba, in sanyi ya sauka, mata da yara sukan fita da asuba, ko da dare da tocila, lokacin da sanyin ya ɗaure mata fiffike, su tsince ta a kan kara da ƙananan itatuwa su cika buhu. A gida a tafasa da gishiri, a shanya a tabarma har ta bushe ƙayau. Busasshiyar fara tana watanni ba ta lalace ba in danshi bai taɓa ta ba. Ranar da za a ci a fige fiffike da ƙafafu, a soya da man gyaɗa, a barbaɗa yaji. Ƴan kasuwa suna ɗibar ta buhu-buhu daga kasuwannin ƙauye zuwa Yamai, wata ta ƙetara iyaka zuwa Kano. Ɗalibin Maraɗi da ya yi karatu a Yamai ko Dakar ko Faransi ya san cewa ƙullin fara yana cikin saƙon da uwa ke aikowa, tare da kilishi, kuma abokan ɗaki ba su barin shi ya kwana.

A nan mai karatu zai tambaya: in fara abinci ce, me ya hana mutanen 1931 su ci wadda ta ci su? Annobar wancan lokaci ta farar da masana ke kira Locusta migratoria ce, ta tashi a 1928 daga fadamun kogin Isa a ƙasar Mali ta yanzu, ta mamaye mafi yawan Afirka shekara fiye da goma. A 1930 ta share gonaki a yammacin Nijar, har Zabarmawa suka raɗa wa yunwar da ta biyo baya suna mai nufin shekarar ƴaƴan fara. Amsar tana cikin lissafi. In muka ɗauki misalin farar hamada, wadda aka fi auna ta, guda ɗaya tana cin kwatankwacin nauyinta a yini, wajen giram 2, kuma a kilomita murabba'i ɗaya na dango ana samun miliyan 40 zuwa 80. Ta sauka da yamma, ta tashi da hantsi, ta bar kara tsirara. Abin da gari guda zai iya kamawa a dare ɗaya bai kai ko kusa da hatsin da ta cinye ba. Ban da haka, fara nama ce. Fiye da rabin nauyin busasshiyarta furotin ne, amma mahaɗi ce, ba ta tsayawa a madadin tuwo da hura wata takwas. Sai a ƙara da abin da Fuglestad da Salifou suka nanata: hukuma ba ta sassauta lanho ba a kan lokaci, mutane suka sayar da ɗan abin da ya rage domin su biya.

Abin da ya fi sauya matsayin fara a ƙarni na 20 shi ne feshi. Tun da Boris Uvarov ya nuna a 1921 cewa farar da ke zaune ita kaɗai da wadda ke tafiya dango jinsi ɗaya ne, cunkoso ne ke sauya mata kama da hali, aka koma neman wuraren da take taruwa domin a tare ta tun ba ta tashi ba. A ƙasarmu wuraren su ne Tamesna da Abzin. An kafa ƙungiyar OCLALAV a 1965 domin wannan aiki, aka kuma yi manyan feshi a 1988 da 2004. A yaƙin 2003 zuwa 2005 an fesa hekta wajen miliyan 13 a ƙasashen da annobar ta shafa. Farar da guba ta taɓa tana faɗuwa ƙasa, tsintarta ta fi sauƙi, kuma in ta shiga kwano ba ta da wata alama. Dole ta sa hukumomi suka riƙa jan kunnen jama'a ta rediyo kada a ci. Al'amari ya juye ke nan: a zamanin Barth shekarar fara ita ce shekarar cin fara, a zamanin feshi kuwa ita ce shekarar da uwargida ke tambayar mai talla daga wane gari kayanta suka fito. A ɗaya gefen, masanin ƙwari Arnold van Huis ya ruwaito cewa akwai manoma a Nijar da ba su son a fesa musu gona, domin kuɗin farar da matansu ke kamawa ya fi na hatsin da za ta ɓata. Jami'in noma yana ganin wannan jahilci ne. Mu muna ganin lissafi ne, ko da yake lissafin na mace ne ba na maigida ba, kuma wannan kaɗai ya isa haddasa gardama a cikin gida. Mu ƙara da cewa a 2013 hukumar FAO ta fitar da babban rahoto mai kira ga duniya ta ci ƙwari, a 2021 kuma Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da Locusta migratoria a matsayin abinci, watau ita dai farar 1930.

3. Kayan miya

Ba za mu daɗe a nan ba, domin babu mai ce wa waɗannan abincin yunwa; warinsu ne kawai ke korar baƙo. Daddawar kalwa tsohuwa ce a rubuce: matafiyan ƙarni na 19 sun ambace ta, kuma a rataye na littafin tafiyar Denham da Clapperton ne, a 1826, Robert Brown ya raɗa wa ɗorawa sunan Parkia don tunawa da Mungo Park. Amma ɗorawa itacen kudu ce, tana son ruwa. Da an yi arewa sai ta yi ƙaranci, a nan ne daddawar batso ta samu gindin zama. Da ƴaƴan yakuwa ake yin ta, yakuwar da mata ke shukawa a gefen gona ta zama iyaka; a dafa su, a rufe su ruɓa kwanaki, a daka, a dunƙula, a shanya. Irin wannan daddawa tana nan daga Burkina Faso, inda ake ce mata bikalga, har Sudan, inda ake ce mata furundu, watau ta bi layin da ɗorawa ta tsaya. Gabu kuwa ɗan fadamun albasa ne, Galmi da Magiya da Tarka: ganyen da in ba haka ba zubar da shi za a yi, a daka, a dunƙula, a busar, ya shekara yana ba miya ƙamshi. Cuku na makiyaya ne, Buzaye da Fulanin Abalak da Tawa da Dakwaro, hanyar mai da nonon damana abin da zai kai rani. Mutanen gari suka karɓe shi suna ci da shayi ko su daka shi cikin hura.

Dunƙulen Maggi, wanda aka fara yi a Turai a 1908, ya shiga kowace tukunya a rabin ƙarni na 20 na biyu, Jumbo ta biyo shi. An yi ta cewa zai kashe daddawa. Bai kashe ta ba, ko bayan da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 kayan waje suka yi tsada daddawa ma ba ta kore shi ba. Uwargida ta haɗa su biyun a miya ɗaya, ta bar masana da gardamarsu.

4. Garin rogo: baƙon da yunwa ta kawo

Sunayen shekarun yunwa su ne kundin tarihin talaka. Michael Watts ya tattara na arewacin Nijeriya a littafinsa na 1983, Boureima Alpha Gado ya tattara na Nijar a nasa na 1993. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, akwai Ƴar Gusau ta 1942, akwai Muɗa ta 1953 zuwa 1954, akwai El Buhari ta 1984 zuwa 1985, wadda ta ci sunan shugaban Nijeriya da ya rufe iyaka a Afrilun 1984 daidai lokacin da fari ya kama. Sau da yawa sunan yana nuna inda aka je neman abinci, ko abin da aka ci, ko wanda aka ɗora wa laifi.

Ta 1953 zuwa 1954 ce ta shafe mu a nan. Abin mamaki game da ita, kamar yadda John Grolle ya nuna a 1997, shi ne ruwa ne ya yi yawa ya lalata hatsi, ba fari ba ne. Abin da ya ceci mutane da yawa shi ne garin rogo da aka yi ta hawowa da shi daga Dahome da kudancin Nijeriya, har Zabarmawa suka kira ta shekarar gari. Rogo kansa baƙo ne, Turawan Fotugal suka kawo shi daga Barazil. Dabarar gurza shi a matse a soya ta yaɗu a gaɓar teku a ƙarni na 19, tare da ƴantattun bayin da suka komo daga Barazil zuwa Wida da Ikko. Kafin shekarun 1950 mutumin Gobir ko na Damagaram yana ganin gari abincin mutanen kurmi ne, ba ya riƙe ciki, cin sa alama ce ta rumbu ya ƙare. Tsofaffin da suka ga Muɗa sun daɗe suna kallon sa da wannan ido.

Ƴaƴansu ba su gaji ƙyamar ba. Gari ba ya son wuta, ba ya son itace, ba ya son turmi. Ruwa da sukari, ko mai da yaji da ƙuli-ƙuli, shi ke nan. Waɗannan su ne bukatun mutumin da ba shi da mace a kusa: ɗan lakwal a makarantar kwana, soja, direba, ɗan ci-rani, almajiri. Ta hannunsu ya zama ɗan gida. Waɗanda suka yi karatu a jami'ar Yamai a shekarun 1990, lokacin da kuɗin tallafin ɗalibai da albashin ma'aikata ke yin watanni ba a biya ba, sun san matsayin ledar gari a ƙarƙashin gado; da yawansu yau manyan ma'aikata ne, kuma ba a rasa gari a gidajensu, suna sha don marmari ranar da zafi ya yi yawa. Cikin shekara arba'in abincin kunya ya zama abincin tuna ƙuruciya. Ya shiga kwaɗon zogale da na tafasa, ya shiga wake, har yaran yanzu ba su san cewa akwai lokacin da babu shi ba.

5. Dilo

Anza, ko hanza a bakin mutanen gabas, itaciya ce ƙarama da masana ke kira Boscia senegalensis. Ba ta zubar da ganye ko a tsakiyar rani, bisashe ba su cika damun ta ba, tana kuma yin ƴaƴa a shekarar da hatsi bai yi ba. Ƙwayar cikin ƴaƴan ita ce dilo. Ɗanyarta ɗaci gare ta kamar maɗaci, kuma tana da dafi, saboda wani sinadari da ake kira glucocapparine. Kafin a ci sai an ɓare, an shanya, sannan a jiƙa kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, wasu su sa toka ko kanwa domin a gaggauta. In ɗacin ya fita sai a dafa kamar wake, a ci da mai da yaji, ko a haɗa da ɗan hatsi a yi dambu ko hura. Busasshen dilo yana daɗewa ƙwarai a tukunya, ƙwari ba su kusantar sa. Sinadarin da ke sa ɗacin shi ne ke korar su, shi ya sa manoma ke shimfiɗa ganyen anza cikin rumbu don kare hatsi da wake. Itaciya ɗaya tana tsaron rumbu, in rumbun ya ƙare kuma ta tsaya a madadinsa.

Ba kamar fara ba, dilo yana da fuska biyu da gaske. A Damargu da arewacin Dakwaro da Tawa akwai gidajen da ke ajiye shi kowace shekara, ana sayar da dafaffensa a kasuwa da ƙaramin ma'auni, tsofaffi suna son sa, yara suna saye kamar yadda suke sayen gyaɗa. A waɗannan wurare ganin dilo a kwano ba ya nuna komi. Amma shi ne kuma abin da aka rayu da shi a 1973 da 1984, tare da ƙwayar ƙarangiya da ganyen jiga da na aduwa, da hatsin da ake tonowa daga gidan tururuwa.

Wannan fuska biyu ce ta zama abin faɗa a 2005. Damanar 2004 ta yanke da wuri, fara ta taɓa arewacin yankin noma, farashin hatsi ya yi tashin da ba a saba gani ba, ƴan kasuwa kuma suna kai shi inda ya fi tsada. Ƴan jaridar waje suka zo suka ɗauki hoton mata suna tsinkar ganye da ƴaƴan anza, suka ce ga shaidar yunwa. Shugaba Tandja Mamadou, a hirarsa da BBC a watan Agusta, ya musanta cewa akwai yunwa, ya ce jama'arsa da alama a ƙoshe suke. Masu goyon bayansa suka riƙa cewa cin ganye da anza al'ada ce, baƙo ne bai sani ba. Dalilin taurin kan ba ɓoyayye ba ne: kowa ya tuna cewa yunwa tana cikin hujjojin da Seyni Kountché ya bayar ranar 15 ga Afrilun 1974 da ya kifar da Diori Hamani. A wannan shekara ta 2005 ƙungiyar Médecins sans frontières ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa, mafi yawansu a jahar Maraɗi, jahar da ake kira rumbun ƙasa. Littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka shirya a 2007 ya bi wannan gardama daki-daki.

A ganinmu ɓangarorin biyu sun kama rabin gaskiya ne kowane ya ƙi sakin nasa, kuma rabin da hukuma ta kama ya fi tsada, domin jinkirin rabon abinci kyauta da rayukan yara aka biya shi. Gaskiya ne cin dilo al'ada ce. Amma macen da ta san aikin tana iya faɗa wa mai bincike bambancin cikin minti ɗaya, in ya san abin da zai tambaya. A wane wata aka fara ci? In tun Fabrairu ne maimakon bazara, da magana. Da me ake ci? Dilo da mai da yaji a gefen hura daban, dilo zalla safe da dare daban. Wa ke ci? In magidancin da bai taɓa sa shi a baki ba ya fara, ko garin da ba su san jiƙa shi ba suka shiga nema, da magana. Daga wace nisa ake ɗebowa, ɗanye ake tsinka ko nunanne? Sai babbar tambaya, kwana nawa ake jiƙawa? Fitar da ɗacin yana cin ruwa mai yawa, a yankin da rijiya ke da gaba da dama kuma mace ce ke ja, a watannin da ruwan ya fi wuya. In yunwa ta matsa, ba a jiran kwanakin su cika; a nan ne ake samun ciwon ciki da gudawa, musamman ga yara da tsofaffi. Takardar tambayoyin da ke da gurbi ɗaya, a sa alama in ana cin abincin daji, ba ta iya kama ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010, gwamnatin Salou Djibo ta fito fili ta ce akwai yunwa, kalmar ta daina zama haramun a bakin hukuma. Dilo kuma ya kama wata hanya. A 2014 aka kafa Sahara Sahel Foods a Damagaram, tana sayen hanza daga matan karkara, tana fitar da ɗacin a masana'anta, tana sayar da shi a leda: gari, da biskit, da dafaffe. Masu sayen a birni ma'aikata ne da masu neman abincin da ya dace da ciwon sukari, waɗanda iyayensu da yawa ba za su yarda a gan su da dilo a kwano ba. Matan da ke kawo shi kuwa, a shekarar da damana ta yi kyau sukan sayar da mafi yawa su sayi hatsi da sabulu, su bar tiya biyu ko uku a tukunya ƙarƙashin gado.